Wake ya yi min ƙwari a sito anan Mile 12, dan Allah ku bani shawara kafin in sa magani

Sani ɗan Potiskum:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe a harkar hatsi anan Legas. Wlh ina cikin damuwa, tun shekaranjiya ko abincin kirki na kasa ci. Shekara huɗu ina tsaya ma kawuna a shago, bana ne ya koma gida saboda jikin nasa ya bar min sito a hannuna, ta bayan Mile 12 ɓangaren Ketu. A watan Fabrairu muka sauke wake buhu 60 daga Potiskum, fari da ja, da niyyar mu riƙe wani zuwa tsakiyar damina lokacin da kuɗinsa ke ɗan motsawa. Ranar da aka sauke ni da kaina na farke wajen buhu biyar na duba, tas yake ko huda ɗaya ban gani ba, in ka damƙa har ƙara yake saboda bushewa.

To shekaranjiya wata Iya mai ewa agoyin, wato dafaffen wake da miya, da ta saba ɗaukar buhu duk sati biyu tazo, muka jawo mata ɗaya daga layin baya wanda ke jingine da bango, yaro na kwance bakin buhun sai ƙwari suka taso mana a fuska. Na tura hannu har gwiwa naji cikin buhun da ɗumi kamar an ajiye shi a gefen murhu, na zaro hannun duk gari, ƙwayar waken wata huda biyu wata uku, waɗanda basu hudu ba kuma akwai wasu fararen ɗige-ɗige ƙanana a manne a jikinsu ko ka goge basa fita. Matar nan bata ce min komai ba, ta dai girgiza kai ta wuce layin gaba, kuma wlh wannan ya fi min ciwo akan waken, dan tun zamanin kawu take siyayya a wajenmu.

Jiya muka sauke sito gaba ɗaya. Buhu 35 suka rage. 14 na layin bango sun lalace sosai, kamar 10 sun fara, sauran 11 a ido dai lafiyarsu lau.

Maƙwabtana sun bani shawara iri biyu. Ɗaya yace in juye a tamfol in haɗa Sniper da ruwa in yayyafa in mayar buhu, wai kowa haka yake yi. Ɗayan yace a'a in sayi ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake ce ma bom in cusa a kowane buhu in kulle ƙofa kwana biyu shikenan. Abinda yasa ban yi ba, ni da yara biyu a ɗan ɗakin da ke manne da siton muke kwana, bango ɗaya ne kuma bai kai rufi ba, babu silin. Sannan zuciyata bata kwanta da zuba ma abincin mutane abinda nasan ana kashe sauro da kyankyaso dashi ba.

Yadda siton yake dan ku gane: ƙasa siminti ne amma ya tsattsage, buhunan a kan kwali muke jerawa, bangon baya yana tsatsafo da ruwa in an yi ruwan sama mai yawa, akwai tsoffin buhuna a ɗaure a lungu da wani rabin buhu da muke tara sharar hatsi a ciki muna siyar ma masu kaji. Akwai masara buhu 8 a gefe, ita ban duba ba tukuna dan ina tsoro.

Tambayata, daga ina ƙwarin nan suka fito tunda waken lafiya ya zo? Wane magani ne zan sa wanda ba zai cutar da mai ci ba? Kuma ya zan tsirar da sauran? Amanar kawu ce a wuyana, dan Allah wanda ya sani ya taimaka.

---

Baba Alhaji na Iddo:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya mayar maka da alheri, Allah ya ba kawunka lafiya. Kada ka sa ma ranka damuwa fiye da kima, duk wanda ya riƙe wake a garin nan sai ya ga irin wannan ranar, ni na ganta fiye da sau ɗaya. Kuma Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya baka zuba Sniper ɗin nan ba.

Ka ce waken lafiya ya zo. Ɗana ba lafiya ya zo ba, idonka ne bai gani ba. Ƙwaron wake tun a gona yake hawa, tun wake na cikin kwanso. Waɗannan fararen ɗigon da ka gani a manne, ƙwansa ne. Yana ƙyanƙyashewa tsutsar bata fitowa waje, ƙasa take hudawa ta shige cikin ƙwayar ta zauna tana ci daga ciki, sai ta girma ta zama ƙwaro sannan ta huda ta fito, wannan hudar da kake gani ƙofar fita ce ba ta shiga ba. Shi yasa zaka auna wake a Dawanau ko Potiskum tas, ka kawo shi Ikko bayan wata biyu ka rantse canza maka aka yi.

Na biyu kuma, ka yi haƙuri zan faɗa maka gaskiya kamar yadda zan faɗa ma ɗan cikina, ɓarawon naka a cikin gida yake kwana. Wannan rabin buhun shara da tsoffin buhunan da ke lungu su ne gidan ƙwarin. Ko ka sa maganin duniya a wake yau, in suna nan, sati uku an dawo gidan jiya. Tsagar simintin nan ma ka samu tsinke ka tona zaka ga waken bara da masarar bara a ciki. Wake ɗaya ke ɓata gari, balle rabin buhu.

Mu da muka taso a Arewa muna ɗauka ajiya ɗaya ce ko'ina. A gida ka zuba a rumbu da toka ko barkono ko ganyen darbejiya, hunturu ya taya ka, iska a bushe. Nan kuwa daga Afrilu zuwa Yuli iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, gishiri ma narkewa yake a kwano, buhu yana shan laimar bango da ta ƙasa, kwali kuwa in ya sha ruwa riƙewa yake ya fi babu muni. Shi yasa layin bango ne ya fara lalacewa.

Ga abinda zan yi in nine kai, kuma yau ba gobe ba. 11 ɗin nan masu kyau ka fitar dasu daga siton gaba ɗaya kafin komai, ka nemi buhun nan mai hawa uku da ke toshe iska ka juye su, ko duro mai murfi da ke kamawa gam. 10 da suka fara ka tankaɗe su da rariya a waje nesa da ƙofar sito, ranar da Allah ya bada rana ka shanya su siriri a baƙar leda a ƙasa, in da hali ka rufa farar leda mai haske a sama ka danne gefe da duwatsu daga hantsi zuwa azahar, zafin yana kashe na cikin ma. Ka bari ya huce sarai kafin ka ƙulle. Waɗannan ka siyar dasu da wuri, kuma ka faɗa ma mai siye cewa ya taɓu ka rage masa kuɗi, masu ƙosai da alala suna ɗauka in ka yi musu gaskiya. 14 ɗin can kuwa ka duba, wanda ya yi wari ko fumfuna kada ka bari ya shiga cikin ɗan adam, asarar kuɗi ana mayarwa.

Sai sito ya zama fanko sannan ka share shi tun daga rufi, katakon jinka, saman bango, bayan ƙofa, ka ƙone sharar kada ka zuba a bakin kwata. Mai gini ya toshe tsagar nan da siminti. Kafinta ya buga maka gadon katako da zai ɗaga buhu daga ƙasa, kuma tsakanin buhu da bango ka bar hanyar da mutum zai wuce ya zagaya. Nasan zaka ce wuri ya yi kaɗan, hayar sito a Legas ba wasa ba. Gara ka ajiye buhu 40 da kake iya zagayawa ka duba akan 60 da baka san me ke bayansu ba.

Ita Iyar nan kuma kada ka jira ta dawo. Ka auna mata wake mai kyau ka kai mata har inda take da ƙafarka ka bata haƙuri.

---

Garba Alabarago:

Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, duk abinda kuka faɗa haka ne amma gsky a wannan yanayin da yaron nan ke ciki ina ganin bom ɗin ne kawai zai tsayar da abin nan take. Rana ina take a watan Yuni a Legas? Ka shanya wake ka juya baya hadari ya haɗo. Mu anan muna sawa kuma yana aiki, ƙwaya ɗaya a ƙulle a tsumma a tura tsakiyar buhu. Ni ban goyi bayan Sniper ba sam, shi kam zalunci ne, amma bom ai iska ce tana fita bata zama a jikin wake. Buhu mai hawa uku kuma ya yi tsada ga wanda zai juye buhu da yawa, sannan ɓera ɗaya ya huda shi an gama. Wannan ra'ayina ne, Allah ya sa mu dace.

---

Malam Nura mai feshi:

Slm. Ni aikina kenan, feshin sito da kamfanonin abinci tsakanin Apapa, Ikeja da Agbara, dan haka bari in ɗan tsawaita ku yi haƙuri dani.

Sani ƙanena, kafin komai: KADA ka sa bom a siton da kuke kwana a jikinsa. Ko ƙwaya ɗaya. Yaya Garba ba ina ƙaryata ka bane, gaskiya ne iska ce kuma in an yi aikin daidai bata zama a hatsi, amma ka duba abinda yace, bango bai kai rufi ba, yara biyu na kwana a wajen. Ƙwayar nan sunanta aluminiyam fosfaid, da yawa sun fi saninta da Phostoxin. Nauyinta giram 3, da ta shaƙi laimar iska sai ta fara sakin iskar fosfin wajen giram 1, kuma a Legas da laima ta yi yawa sakin ya fi sauri. Iskar nan tana bi ta ƙofa, ta ramin bulo, ta saman bango. Tana farawa da ciwon kai, amai, ƙirji ya ɗaure, mutum ya ɗauka zazzaɓi ne ya koma ya kwanta a cikin abinda ke kashe shi, kuma babu wata allura da ke karya dafinta, asibiti sai dai su tallafa ma jiki. Warin tafarnuwa da ake ji ba abin dogaro bane, hanci na iya sabawa.

Sannan ko babu mai kwana a wajen, yadda ake sawa a kasuwa ba daidai bane. Buhun hatsi na yau da kullum saƙa ne, iska na fita ta ko'ina. Kwana biyu zai kashe manyan ƙwarin da ke yawo ka ga sun zube ka ce magani ya ci, amma ƙwai da wanda ke kwance cikin ƙwaya yana shirin fitowa sun fi juriya, suna buƙatar iskar ta zauna a kansu aƙalla kwana 5 zuwa 7 a rufe ruf ƙarƙashin tamfol na musamman da aka danne gefensa da jakunkunan yashi. Waɗanda suka tsira daga rabin magani su ne ke haifar masu taurin kai, shi yasa zaka ji ana cewa bom na yanzu baya aiki kamar na da. Maganin bai canza ba, ƙwarin ne muka horar da hannunmu. Kuma tokar da ke saura bayan ƙwayar ta narke bata kamata ta taɓa hatsi ba, a faranti ake ɗorawa a kwashe a binne.

Sniper kuma sinadarin cikinsa sunansa dikilobos, ba a yi shi dan a zuba a abinci ba. Saboda ragowarsa a jikin wake ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, aka kuma yi ta tsawaita hanin. A 2019 NAFDAC ta hana siyar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Abinda Bature ya ƙi ba karensa mu muke auna ma 'yan'uwanmu a gwangwanin derika, kuma in magana ta tashi a garin nan ba a cewa wane ne ya yi, cewa ake Hausawa masu wake. Wannan abin yana ci min rai matuƙa.

Duk da feshi ne abincina, ina faɗa ma duk wanda ya kira ni cewa magani shi ne mataki na ƙarshe. A kamfanonin da suka san abinda suke, tsarin shi ne a haɗa dabaru da yawa kowace ta toshe wata ƙofa: kada ƙwaro ya shigo, in ya shigo kada ya samu abinci da maɓoya, a riƙa dubawa dan a gan shi tun yana kaɗan, sai in ya wuce gona da iri sannan a kira irinmu. Dalili lissafi ne kawai. Macen ƙwaron wake ɗaya tana iya zuba ƙwai kusan 100 a 'yan kwanakin da take raye, kuma a zafin Legas daga ƙwai zuwa babban ƙwaro sati 3 zuwa 4 ne. Daga Fabrairu zuwa yanzu ka lissafa zuriya nawa aka yi a layin bangon nan ba wanda ya leƙa. Ɗumin da ka ji a buhu numfashinsu ne, kuma ɗumin na jawo gumi, gumi ya jawo fumfuna.

Akan buhu mai hawa uku, shi ake kira PICS, daga binciken jami'ar Purdue ta Amurka ya fito kuma asali dan wake aka yi shi. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Babu magani a jikinsa ko kaɗan, iska kawai yake toshewa, ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskar da ta rage da kansu su daina ci su mutu. Amma yana da sharuɗɗa, kuma yawancin masu cewa baya aiki a nan suke faɗuwa. Ka hura kowace leda ka matse ka tabbata bata da huda. Ka matse iskar sama ka murɗa bakin ka lanƙwasa ka ɗaure, kowace leda da ɗaurinta daban, ba a haɗa su ɗauri ɗaya. Kada 'yan dako su sa masa ƙugiya ko su ja shi a ƙasa. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, wanda zaka riƙe wata biyu zuwa sama shi ake sawa a ciki, na siyarwar yau da gobe ya zauna a buhunsa. Maganar tsada Yaya Garba, ana sake amfani dashi shekara biyu uku in an kula, ka kwatanta da buhu 14 da suka tafi. Maganar ɓera kuwa gaskiyarka, dole a yi maganin ɓera tare.

Sharaɗi mafi girma hatsin ya zama busasshe, in ka ƙulle mai danshi ruɓewa zai yi. Masara kada danshinta ya wuce 13 cikin ɗari, wake ma wajen haka ko ƙasa. In baka da na'urar aunawa ka samu busasshiyar kwalba, ka zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku, ka sa gishiri cokali biyu wanda ka soya ko ka shanya ya bushe ƙarau, ka rufe ka girgiza ka ajiye 'yan mintuna ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba hatsin bai bushe ba.

Masarar nan ka daure ka duba yau. Ƙwaronta daban ne, baƙi mai dogon baki, shi huda ƙwaya yake ya sa ƙwai a ciki ya liƙe bakin, ba zaka ga komai a waje ba. Ka tankaɗe mudu ɗaya a kan farin buhu ka jira ka ga abinda zai motsa.

In kana son ƙarin bayani daga masana, akwai cibiyar gwamnati mai binciken adana amfanin gona, NSPRI, hedikwatarta a Ilori, tana da reshe anan Legas ta wajen Yaba da kuma Kano.

---

Maman Hanifa Agege:

Sannunku da ƙoƙari. Sani Allah ya mayar da alheri. Ni ba sito gareni ba, ɗan wajen sarrafawa ne, muna yin garin ƙosai da alala, garin kunu da yaji muna ɗaurawa a leda muna kai shaguna, to waken da kuke siyarwa mu ke siya, shi yasa nace bari in sa baki. Wlh in na buɗe buhu naji warin magani gabana faɗuwa yake, dan mu niƙawa muke, babu wanki babu jiƙo, abinda ke jikin waken kai tsaye yake shiga garin da uwa zata dama ma ɗanta. Yanzu na gwammace in ga huda ɗaya biyu akan in ga wake yana sheƙi a watan Yuli ko ƙuda baya sauka a kai.

Nima na sha wahalar ƙwari shekarar da na fara. Wani shago ya dawo min da kaya katan guda, cikin ledar da ni na liƙe da hannuna akwai wasu jajayen ƙwari ƙanana masu sauri, garin ya canza wari, wata ledar kuma gari ya dunƙule da zare-zare kamar saƙar gizo da 'yar tsutsa a ciki. Na yi kuka ranar. Na zargi mai wake, na zargi mai leda, na kira mai feshi ya fesa ɗakin muka rufe kwana biyu, bayan wata ɗaya suka dawo. Sai da wani dattijo mai gyaran inji yazo canza min bel ya kwance murfin injin niƙa ya kira ni yace Hajiya zo ki gani. A cikin kwanar da gari ke fita da ƙarƙashin mazubi, tsohon gari ne ya daskare kamar tafin hannu, ya sa sukundireba ya ɓamɓaro, ƙasansa ƙwari ne ke tafasa. Kullum muna share ƙasa muna goge tebur, ashe duk garin da muka niƙa sai ya bi ta kan gidansu ya wuce.

Tun daga ranar duk Asabar ba ma niƙa, kwance inji muke mu goge da buroshi a bushe, ba ma sa ruwa a ciki dan gari da ruwa a Legas fumfuna ne cikin kwana biyu. Ɗanyen kaya ɗakinsa daban, wanda aka gama ɗakinsa daban, kayan da shago ya dawo dashi kuwa baya tsallaka ƙofa, a waje nake buɗe shi. Kowane buhu in ya shigo ina rubuta kwanan wata da biron maka a jikinsa, wanda ya riga shigowa shi ke riga fita, dan na lura yara na gaba suke ja saboda sauƙi na baya ya yi ta zama, inaga abinda ya faru da layin bangonka kenan. Tagogi na sa musu raga mai ƙananan ido, ƙwan fitilar waje na cire shi daga saman ƙofa na mayar can jikin katanga dan da dare shi ke kiran ƙwari masu tashi zuwa bakin ƙofa.

Ɓera kuma, kada ka raina rami. Ƙaramin ɓera inda biro ya shiga shima zai shiga. Na sa an buga falan ƙarfe a ƙasan ƙofa, inda bututu ya ratsa bango an cike da siminti. Bana sa gubar ɓera a cikin ɗakin abinci ko kaɗan, suna jan ta su kai inda baka zata ba, ko su mutu a silin. Tarko nake jerawa a jikin bango dan nan ne hanyarsu. In ina son in san ta inda suke shigowa sai in barbaɗa toka siriri a ƙasa da dare, da asuba sawunsu zai nuna min. Kuma ba ɓarnar buhu kaɗai ba, fitsarinsu da kashinsu a abinci shi ke kawo zazzaɓin Lassa.

Ina da ɗan littafi, duk Litinin ina zagayawa da tocila in duba lunguna, ƙasan katako da tarkuna in rubuta abinda na gani ko da ƙwaro biyu ne. In wannan satin biyu, na gaba goma a wuri ɗaya, nasan akwai abinda ke ɓoye a wajen sai in bi shi. Shekara biyu kenan ban kira mai feshi cikin ɗakin niƙa ba, Malam Nura ka yafe min, a waje kawai yake zagayawa.

Na gida kuma, masu siyan roba ɗaya ko biyu, ka riƙa faɗa musu su zuba a jarka mai murfi su cika ta har wuya su rufe gam, ko in akwai wuta su sa a firiza kamar sati ɗaya.

---

Sani ɗan Potiskum:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Baba Alhaji, Yaya Garba, Malam Nura, Hajiya. Wlh Malam Nura da na karanta maganarka jikina ya yi sanyi, dan har na aiki yaro ya tambayo kuɗin ƙwayar. Na fasa.

Ga inda nake yanzu. Buhu 11 na kai su siton wani ɗan garinmu, na samu buhun hawa uku guda 7, sauran 4 na juye a duro biyu da ya ara min, na yi gwajin gishirin bai manne ba alhamdulillah. Buhun sharar da na jawo daga lungu, Baba kun yi gaskiya, ƙasansa ba hatsi bane ƙwari ne zalla da gari, mun ƙone shi da tsoffin buhunan. Masara na tankaɗe kamar yadda aka ce, na ga baƙaƙen nan guda shida a mudu ɗaya daga buhu biyu na ƙasa, sauran ban gani ba, na ware biyun. Rana bata fito ba tun jiya dan haka 10 ɗin na tankaɗe su kawai, wata mai ƙosai ta ɗauki uku bayan na nuna mata da idonta. Na kira kawu na faɗa masa komai ban ɓoye ba, ya yi shiru sannan yace in gyara siton daga kuɗin shago. Iya kuma naje wajenta da safe, ta karɓa, tace sai ta gani a buhu na gaba.

Saura tambaya ɗaya Malam Nura, in na gama shara da toshe tsaga, bango da ƙasan siton fanko akwai abinda ya halatta a fesa musu kafin in mayar da kaya, ko shara kaɗai ta isa? Kuma bangon da ke tsatsafo da ruwa ta ciki ake gyara shi ko ta waje, dan bayansa kwata ce ke wucewa.

---

Malam Nura mai feshi:

Akwai wanda aka yi ma rajista dan fesa ma sito fanko, amma wanda ya iya ya fesa, babu hatsi ko ƙwaya ɗaya a ciki, kuma ku kwana wani wajen har ya bushe iska ta ratsa. Ka fara gama sharar da simintin tukuna ka turo min hoton rufin da saman bangon ta akwatin saƙo in gani, wataƙila ma ba sai an fesa ba. Bangon ta waje za a fara, in ba a gyara gefen kwatar ba duk filastar da ka yi ta ciki zata sake jiƙewa kafin ruwan Satumba. Masarar biyun nan kada su kwana kusa da sauran shidan yau.